Haƙorin Baba da Tiyon Ban Ruwa

Ranar wata Talata ce a farkon noman rani, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, cikin shekarun da wayar hannu ta fara shigowa ƙauyukanmu na tsakanin Kura da Bunkure. Mu huɗu ne a ɗakin: mahaifina a kan kujerar cire haƙori, likita mace, ma'aikaciyar jinya mai miƙa mata kayan aiki, sai ni a tsaye a bakin ƙofa riƙe da hularsa. Asibitin a birnin Kano yake, inda nake aiki a lokacin. Abin da ya kawo mu haƙori ne na can ƙurya a muƙamuƙin ƙasa, ɓangaren hagu, wanda ya yi kogo tun damina, har ta kai Baba ba ya iya taunar tuwo.

Baba ba matsoraci ba ne. Na taɓa ganinsa ya faɗa babban kanal na ruwan noman rani da rigarsa ya fito da maraƙin wani Bafulatani, kuma macijin gonar shinkafa bai taɓa sa shi ja da baya ba. Amma da aka danna wani abu kujerar ta fara kwanciya da shi ba tare da an nemi yardarsa ba, aka kuma haska masa fitila a fuska, sai na ga ya damƙe hannuwan kujerar, yatsun ƙafarsa sun lanƙwashe a kan takalmi. An yi masa allurar kashe zafi, kuma daga baya ya shaida mini bai ji ciwo ba. Abin da ya ji shi ne ƙarar saiwar haƙorin a cikin kansa, ga shi kwance baki buɗe, ana aiki a kansa, ba shi da ta cewa.

Da aka gama, likita ta sa auduga a gurbin ta ce ya cije. Sannan ta jawo kujerarta kusa da shi.

"Baba, nawa aikin ya ƙare, saura naka. Ramin nan jini zai cika shi ya daskare. Wannan daskararren jinin shi ne murfin ramin, a ƙarƙashinsa sabon nama yake tasowa. In ya fita, ƙashi ne zai zauna a buɗe, kuma ciwon da za ka ji sai ya fi wanda ya kawo ka. Sannan dole ka dawo nan."

Ta dafa kujerar da yake kai. Baba ya kalli hannunta, ya kalli kujerar, ya kalle ni. Daga wannan lokaci burinsa ya zama ɗaya tak: kada wani abu ya sake dawo da shi ɗakin nan.

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Yau ba kurkure baki, ba tofar da yawu. Ba abinci mai zafi, ba mai tauri. Kada harshe ko yatsa ko tsinken sakace ya je wurin. Daga gobe a riƙa ɗumama ruwa da ɗan gishiri, ya guntsa bayan cin abinci, ya karkata kai a hankali, ya buɗe baki ruwan ya zube da kansa. Sauran haƙora a ci gaba da goge su, a dai kauce wa ramin. Ya kuma huta da aiki mai nauyi.

"Baba yana shan sigari?" ta tambaye ni.

Baba ya harare ta, kumatu cike da auduga.

"Allah ya huci zuciyarka, Baba. To ban da shan lemo da tsinken roba."

Wannan ma bai shafe shi ba. Mutum ne da ko lemon kwalba bai cika sha ba, balle da tsinke. Muka karɓi magani muka nufi tasha.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana tsakar gida muka shiga. Ni ne ɗan fari, don haka daga ita har Baba ba mai kiran sunana. Ta gaida Baba da jiki, ta shimfiɗa masa tabarma a inuwa, sannan ta juyo kaina.

"Kai, zauna. Me aka ce?"

Na faɗa mata. Ta ce in maimaita. Da na zo kan tsinken lemo muka yi dariya, har Baba ya yi murmushi da rabin fuska. Sauran kuwa ta riƙe su tsaf. Kafin la'asar ta kwashe goron da ke aljihunsa, da na ƙarƙashin matashi, da wanda yake ɓoyewa a saman ƙofar ɗaki, wanda shekara da shekaru yake zaton ba ta san da shi ba. Kunu kuwa sai ta sheƙa shi tsakanin ƙwarya biyu har ya huce, ta ɗiga a bayan hannunta kamar na jariri, sannan ta miƙa masa. Ta aika wa wata Bafulatana da ke rugar bayan kanal cewa kullum da safe a kawo kindirmo.

Ba ta sha wahala da shi ba, domin ya fi ta tsanani. Kurkurar bakin Baba wajen alwala sananniya ce a unguwarmu, daga zaure ake jin ta. Ranar nan ya zauna da buta, ya wanke hannu, ya ɗebo ruwa zai kai baki, sai ya tsaya. Ya daɗe yana kallon ruwan a tafin hannunsa. Can ya ce, haƙora a haɗe, "Sunna ce, ba farilla ba," ya zubar ya ci gaba.

"Yau kajin gidan nan sun huta da firgita," in ji Inna.

Washegari 'yan dubiya suka fara zuwa, kowa da nasa magani. Wani ya ce a sa jar kanwa. Wani ya ce garin taba. Wani mai gyaran babur ya rantse da man birki, ya ce ɗigo ɗaya ya isa. Baba yakan saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Likita ba ta faɗa ba." Wannan mutum ne da malaman gona suka gaji da gaya masa awon taki yana yin yadda ya ga dama. Sai ga shi yana tambayar Inna ko gishirin ruwan ɗumi bai yi yawa ba. Asuwakinsa ma ya yanke shi gajere, yana goge ɓangaren dama da na gaba a hankali kamar mai share ƙwai.

Cikin 'yan dubiyar akwai taubashinsa, wanda nake kira Baffa. Gonarsu a haɗe take, kuma tun suna yara kowannensu yake kiran ɗan'uwansa bawa. Baffa yana da giɓi babba a gaba, haƙora sun tafi wata shekara da ya faɗi a kan babur a hanyar kasuwar Bunkure.

"Ina bawan nawa?" ya faɗa tun daga zaure. "An ce mace ta kwantar da kai ta kwance maka baki."

"Dubiya ka zo ko shan kununa?"

"Duka biyun. Buɗe mu gani. Ɗaya kawai? Haba, sai ka ce an yanka ka. Ni da na ba titi nawa kyauta ban kwanta ba."

"Shi ya sa kake magana iska na riga ka fita."

Bayan sun gama wannan suka koma maganar gona, domin akwai abin da ke damun Baba. Babbar gonarsa ba matsala, daga ƙaramin kanal ake ba ta ruwa da gajerun bututu da ake cikawa da hannu. Amma yana da wani ɗan fili a bayan gaɓa, a gangare, inda yake renon tumatir kafin dashe. Ruwa ba ya bi ta can. Dabarar da ya yi tun tuni ita ce dogon tiyo siriri: a jefa kai ɗaya cikin kanal, a haye gaɓa da shi, mutum ya sauka gangare ya sa ɗaya kan a baki ya zuƙa har ruwa ya taho, sai ya ajiye shi a fangali ya ci gaba da zuba da kansa. Akwai ranakun da ake sako wa ɓangarenmu ruwa, kuma na wannan mako ya faɗo ranar Alhamis. Renon bai wuce ganye bibbiyu ba. In ya rasa ruwan, ba zai kai na gaba ba.

"Kwanta ka sha kununka," in ji Baffa. "Ni zan ba shi ruwa."

Ranar Alhamis da hantsi Baba ya ce zai leƙa gona, kallo kawai. Kumburin ya fara sauka, kuma zaman gida ya ishe shi. Inna ta yarda da sharaɗin in bi shi, tunda na ɗauki hutu a wurin aiki. Ta tsayar da ni a zaure ta ja mini kunne: kada ya karɓi goro a hannun kowa, kada ya sha rake, kada ya taɓa fartanya, kada ya daɗe a rana.

Mun tarar kanal a cike, ana ta aiki dama da hagu. Baffa yana gangare a tsugune, tiyo a baki, idanu sun firfito. Yana zuƙa, iska tana shiga ta giɓin, sai ka ji fiii kamar usur. Ya huta, ya matse leɓe da yatsu, ya sake. Ko ɗigo bai zo ba. Baba ya tsaya a kan gaɓa, hannuwa a baya, yana kallo da jin daɗin da ban gani a fuskarsa ba tun ranar Talata.

"Sarewa kake busa wa tumatirin?"

"Tiyonka ne ya fashe."

"Tiyo lafiyarsa ƙalau. Bakin ne ba ƙyaure."

Na ce, "Baba, bari in gwada."

"Kai ɗan birni? Sai ka shanye mana kanal mu kai ka asibiti."

"Ƙyale shi," in ji Baffa, yana haki. "Shi da mace ta kayar, me zai iya? Ya zauna a inuwa ya jira kindirmo."

Baba ya sauko gangaren. Ya karɓi tiyon, ya goge bakinsa da gefen riga, ya sa a baki ta ɓangaren dama, domin har a lokacin yana kiyaye hagun. Ya zuƙa har kumatunsa suka lotsa. Ya toshe da babban yatsa ya numfasa, ya sake. Tiyon ya yi motsi a kan gaɓa, ruwa ya taho, ya furzar da wanda ya cika masa baki, ya ajiye kan a fangali. Na ga abin da ya furzar da ɗan ja-ja. Ya ce ba komai. Aikin duka bai kai tsawon shan kofin ruwa ba, kuma abu ne da nake ganin yana yi tun ina ƙarami, kamar yadda yake ɗaura igiyar akuya. Muka tsaya muna kallon ƙasa tana shan ruwa. Da muka koma gida Inna ta tambaye ni, na ce bai ci goro ba, bai sha rake ba, bai taɓa fartanya ba.

Juma'a da yamma ya bar rabin kununsa. Asabar bai kunna rediyo ba, shi da ba ya wuce labaran safe. Yana zaune a tabarma, tafin hannu a kan kunnen hagu, in an shigo sai ya sauke ya gyara hula. Dokokin likita kuwa ya ƙara tsananta su, ruwan gishiri har ba a bayan abinci ba. Da Inna ta sunkuya za ta ɗauki ƙwarya a gabansa sai ta dakata. Wari ta ji.

"Malam, zo bakin ƙofa. Buɗe bakinka."

"Na me?"

"Buɗe dai."

Ta haska da tocila, ta kira ni. Ramin fayau yake, ba jini a ciki, can ƙasa wani abu fari-fari. Dasashin kewaye ya yi ja.

"Me ka tauna?"

"Ban tauna komai ba."

"To me ya faru?"

Can ya ce, ba tare da ya kalle ta ba, "Tun a bakin kanal na ji fitarsa. Da na jawo ruwan reno."

"Da baki ka jawo?"

"Ai likita ba ta ambaci tiyo ba."

"Ta san kana da shi ne?"

Ashe tun ranar Alhamis ya sani. Yana fatan wani jinin zai sake taruwa ya rufe ramin kafin a gane. Na ce gobe ko jibi mu koma asibiti. Ya ce ba inda za shi, zai jure, ya jure wanda ya fi wannan. Na kawo masa duk hujjar da na sani, ya saurara kamar yadda ya saurari mai man birki. Ranar Lahadi zogin ya hau har gefen kansa, maganin da aka ba mu ya daina tasiri, ko kindirmo ba ya wucewa. Baffa ya zo, ya zauna a gefen tabarma, bai kira shi bawa ba.

"Ka je mana, ɗan'uwa."

"Kai ba ka ga kujerar ba."

Litinin bayan sallar asuba na fito na tarar da Inna ta yi shirin fita: atamfar unguwa, mayafi, takalmin da ba ta sawa sai za a je suna ko gaisuwa. Ta daɗe rabonta da birni. Baba yana jingine da bango, fuskarsa ta faɗa.

"Ina zuwa haka?"

"Kano. Ni ma ina da haƙori."

Ta buɗe baki ta nuna mana na sama a dama, baƙi ƙirin, rabinsa ya tafi. Ta ce tun kafin azumin da ya wuce take cusa masa kanumfari, tana tauna da ɗaya gefen. Ba wanda ya lura a gidan, har shi da suke cin abinci a inuwa ɗaya.

"Wannan zai kai ni," ta nuna ni da haɓa. "Kai sai ka tsare gida. Kunu yana nan a rufe."

Baba ya kalle ta.

"Ke kin san kujerar nan kuwa? Kwanciya take yi da mutum."

"Sai ta kwanta."

"Akwai fitila. Akwai wani abu kamar awartaki."

"Na ji."

"Ba za ki iya ke kaɗai ba. Wannan a bakin ƙofa yake tsayawa." Ya dafa bango ya miƙe. "Miƙo mini hulata."

A mota ba wanda ya ce komai game da bakin Baba. Yana ta yi mata bayani, hannu a kunne: allurar ɗan tsini ne kawai, sai leɓe ya yi nauyi, in ta ji ƙara kada ta damu, ba ciwo ba ne. Ita kuwa tana kallon gonakin albasa ta taga tana cewa to.

Likitar ta duba haƙorin Inna ta ce ba ya gyaruwa, sai cirewa. Baba ya nemi a bar shi ya tsaya kusa, aka bar shi. Ya karɓi jakarta ya riƙe. Inna ta zauna a kujerar a miƙe, ta tattara mayafi, sai a lokacin na ga leɓenta na motsi, tana karanta duk abin da ta haddace. Tsoro take ji sosai.

"Yanzu za ta kwanta," in ji Baba. "Sake jikinki. Ga ni nan."

Ya tsaya har aka gama, bai kau da kai ba. Da aka sa mata auduga aka zaunar da ita a benci, likita ta cire safar hannu ta sa wata, ta juyo.

"Baba, tunda ka zo, bari in ga yadda nawa aikin yake."

Inna ta kalle shi ta saman audugar. Ya miƙo mini jakar, ya cire hula, ya zauna.

Kallo ɗaya likita ta yi ta tambayi abin da ya faru. Na yi mata bayanin tiyon, da gaɓa, da gangare. Ta ce duk abin da mutum zai zuƙa da ƙarfi yana iya tsinke murfin, tsinken lemo ne ko tiyon gona, kuma ruwan kanal ba abin da za a so ya taɓa rami ba ne. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta wanke ramin, ta cusa wani magani mai ƙamshin kanumfari. Ba allura, ba awartaki. Ta ce za a dawo a canja shi. Baba ya ce dama ai dole ya rako Inna a duba nata. Kafin mu kai Kura ya jingina kai da gilashin mota ya yi barci, na farko tun ranar Juma'a.

A gida ƙwarya biyu ake sheƙa wa kunu, kuma Baba ne ya karɓi tsaron doka. Ya ɗauki tabarmarsa ya koma bakin madafa. Ya hana Inna ɗanɗana miya da zafinta. Ya hana ta tsinke zare da haƙori. Ya hana ta hura wuta da baki, na ce wannan ai hurawa ce ba zuƙa ba, ya ce ba ruwansa, ga mafici. In ta yi alwala yana kasa kunne. Da yamma su biyun sukan zauna a bakin rariya, kowa da kofin ruwan gishiri, su karkata kai dama, su karkata hagu, su buɗe baki ya zube. Baffa ya shigo ya same su a haka.

"Ikon Allah. Bawa da uwar ɗakinsa sun zama agwagi."

Baba ya nuna masa ƙofa da hannu, don bakinsa cike yake da ruwa.

Ramin Inna ya rufe ba tare da wata tangarɗa ba. Na Baba ya ɗauki kusan wata guda kafin ya iya tauna a wannan gefen. Ruwan reno kuwa wani maƙwabcin gona mai cikakkun haƙora ne ya riƙa jawowa har aka yi dashe.